Kufan Zanowa

Mutumin da ya shirya mana tafiyar a Funtua cewa ya yi karatu za mu je yi a Isra'ila, mu koyo noman rani irin na ɗigon ruwa, mu dawo mu gagari 'yan tumatirin Danja. Har hoton aji ya nuna mana a wayarsa, da kujeru masu laushi. Ajin na nan, ban ce babu ba, amma sau ɗaya a mako ake shigarsa. Sauran kwanakin a rumfunan leda muke yin su, can kudancin ƙasar inda ba ka ganin komai sai duwatsu da rairayi, muna tsinkar tattasai har bayan mutum ya ƙage. Ni da nake da gonata ta masara da auduga a bayan Malumfashi, ina ɗaukar 'yan ƙwadago, sai ga ni na zama ɗan ƙwadagon wani wanda ko sunana Iliya bai iya faɗa daidai ba.

Na yi fushi, kuma ni fushina ba ya ɓoyuwa. Amma ko a cikin fushin, idan na durƙusa na damƙi ƙasar wurin sai jikina ya yi sanyi. Ƙasa ce da a gida ko kyauta aka ba ka ba za ka karɓa ba, ga gishiri ga tsakuwa, amma tattasan da ke fitowa a cikinta ya kai dunƙulen hannu. Wani siririn tiyo ne ke bin gindin kowace shuka yana ɗiga mata ruwa kamar ana ba jariri magani. Na sha tsayawa ina kallon tiyon nan har mai kula da mu ya daka mini tsawa.

Abinci ne ya fi ba ni wuya. Burodi da safe, burodi da rana, da wani farin abu mai tsami da suke shafawa. Wani ɗan ƙasar Tailan da muke layi ɗaya da shi ya lura ina ramewa. Ba ma jin harshen juna, sai kawai ya fara turo mini rabin shinkafarsa, wadda yake zuba wa barkono kamar mai jin haushin cikinsa. Ranar da na fara ci hawaye suka zubo mini. Shi ya ɗauka yajin ne, ya yi ta dariya, ni kuwa miyar Inna na tuna.

Inna ce dalilin da ya sa ban tattara kayana na gudo ba. Sunanta Zanowa, kuma a duk ƙasar Malumfashi ban taɓa jin mai irin sunan ba. Mahaifinta, kakana Nomau, Bamaguje ne, shi ya fara shiga coci a unguwarmu. Da aka haifi Inna sai ya ce daga cikin Littafi za a ɗauko mata suna. Bai iya karatu ba, don haka ya sa mai bisharar ƙauyen ya buɗe masa, ya runtse ido ya ɗora yatsa. Mai bisharar, wanda shi ma da ƙyar yake haɗa baƙi, ya karanto abin da ke ƙarƙashin yatsan. Kowa ya ce sunan da daɗin faɗa. Sai da aka yi shekaru 'yan makaranta suka gano cewa shafin jerin garuruwa ne, ba na mutane ba. Aka yi ta tsokanar Inna da mai sunan gari, ita ma tana dariya.

Dariyar ta ƙare a shekarar da muka yi rashi. Ni da matata Saratu mun haifi 'ya mace, muka mayar mata da sunan Inna kamar yadda ake yi. Ba ta kai ga yaye ba ƙyanda ta ɗauke ta. Ba a daɗe ba wani baƙon mai wa'azi ya zo taron ƙarshen shekara. Bayan an tashi ya tambayi Inna sunanta, ya latsa wayarsa, ya ce mata da Ibrananci ma'anarsa yasasshiya, wadda aka ƙi. Ya faɗa ya shiga mota ya tafi abinsa. Inna ba ta gaya wa kowa ba sai ni, a gona, muna cirar auduga.

"Auta," ta ce, "ni na kashe yarinyar nan. Sunan da Allah ya ƙi na ba ku kuka sa mata."

Ta sa na yi mata alkawarin ba zan fitar da maganar ba. Tun daga ranar idan aka kira ta da sunan ba ta amsawa. Da Saratu ta sake samun ciki, dab da tafiyata, Inna ta ce in mace ce kada a kuskura a sa mata, kuma ita ko taɓa jaririn ba za ta yi ba. Na ce mata ƙasar da sunan ya fito zan je, zan nemo garin da ƙafata, in tambayi masu harshen. Ta ce in na dawo da ƙarya za ta gane, don tun ina yaro kunnuwana ke motsi idan na yi ta.

Ranar hutunmu Asabar ce, ranar Asabar kuma manyan motocin haya ba sa tashi a ƙasar. Sai da na yi watanni ina roƙo kafin mai kula da mu ya ba ni hutu a tsakiyar mako, cikin lokacin sanyi. Na hau mota zuwa Urushalima. A tasha na nuna wa wani mai tasi sunan, ya buga ƙirji ya ce ya san wurin kamar ɗakin uwarsa. Ya yi ta zagaye da ni a kan tsaunuka, gidan man da muka wuce muka sake wucewa, sannan ya sauke ni a ƙofar wani ƙauye. Ga allo kuwa da sunan a jiki. Na cire hula, na durƙusa a bakin titi.

Wani mutum da ya fito daga gidan kaji ya tsaya yana kallona. Da na yi masa bayani da Turanci sai ya girgiza kai. Ya ce wannan ƙauyen a zamanin babansa aka kafa shi, aron sunan aka yi. Tsohon garin yana wani wuri a cikin tuddan nan, shi ma bai taɓa zuwa ba. Na waiwaya, mai tasi ya yi gaba. Na tashi na kaɗe gwiwata ina jin kunyar kajin da suka ga durƙusona.

Da ƙyar na koma Urushalima, ruwa ya jiƙa ni sharkaf, irin ruwan sanyin da ke shiga har ƙashi. Na raɓe a wani lungu na tsohon birnin ina karkarwa, na ce a fili, "Wayyo Allah, ni Iliya, me ya kawo ni?" Sai na ji an ce, "Sannu." Na juya, wani tsoho ne baƙi kamata, zaune a ƙofar gida da bargo a kafaɗa. Ya sake cewa, "Sannu. Ina gajiya?" Ban san sa'ad da na kama hannunsa da hannu biyu ba.

Sunansa Baba Adamu. Mahaifinsa daga ƙasar Kano ya taka da ƙafa zuwa Makka, daga can ya zo ziyarar Ƙudus, wato Urushalimar nan, ya yi aure ya zauna. Hausar da ya bar wa ɗansa ba ta wuce gaisuwa da sunan tuwo da ruwa ba, sauran hirar da Turanci muka yi. Ya shigar da ni ɗaki, ya ba ni busasshiyar riga da shayi mai na'ana'a. Na ce masa, "Baba, ni fa Kirista ne." Ya ce shi sanyi ya gani a jikina, bai tambaye ni addini ba. Sannan ya matso ya faɗa mini sunan ƙauyen babansa, ko na san shi. Na sa ya maimaita har na ji nauyin sa shi. Sunan ya daɗe a bakin da ba na Hausa ba, ya goge, ban iya kama komai a cikinsa ba. Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya saba jin haka, ni kuwa tausayinsa ya hana ni ƙarasa shayin.

Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ce ya san wata tsohuwar malama Bayahudiya, Dina, wadda ta ƙare rayuwarta a neman garuruwan da suka ɓace. Takan kawo ɗalibai unguwarsu. A gabana ya kira ta, suka yi ta magana da ƙarfi kamar masu faɗa, ya kashe waya ya ce ta yarda, in zo idan ruwa ya ɗauke.

Kafin in sake samun hutu Saratu ta sauka. Mace. Ta gaya mini a waya cewa Inna ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, amma a bakin ƙofa take ajiyewa ta juya, ko leƙa fuskar jaririyar ba ta yi ba. Mata 'yan barka sun fara ƙus-ƙus. Fasto kuma yana tambayar sunan da za a sa. Na je wurin mai kula da mu na ce ko ya ba ni hutu ko ya kore ni, duk ɗaya ne a wurina. Ya kalle ni, ya ɗaga hannu ya ce in tafi.

Malama Dina gajeruwa ce, gashinta fari fat, da sanda da takalmin sojoji. Motarta ta fi ta tsufa. Muka bar ta a gefen wasu dogayen benaye, muka kama hawan wani tudu da ƙafa. Ƙasar da na sani busasshiya ta yi kore shar, jajayen furanni ko'ina. Ina haki tana gaba tana magana.

A sama ta sa na tsaya na fuskanci arewa. Ta ce wanda ya jera sunayen nan shekaru dubbai da suka wuce ba barkatai ya zuba su ba, maƙwabta ya haɗa da maƙwabta. Ta fara kiran su a ka, tana nuni da sanda. Can Eshtawol, can Zora a kan wancan tudun, nan bayanmu Yarmut, gaba da shi Adullam da Soko da Azeka. Zanowa a tsakiyarsu take a jerin, don haka a tsakiyarsu za a neme ta a ƙasa. Na ce, "Malama, kamar a ce Funtua, Bakori, Malumfashi ke nan. In Bakori ta ɓace ba za a je nemanta a Daura ba." Ba ta san ko ɗaya ba, amma ta ce haka ne.

Sunayen nan mukan tsallake su a coci, in mai karatu ya zo kansu yara su yi ta ƙyalƙyala dariya yana tuntuɓe. Ban taɓa kawo wa raina cewa kowannensu tudu ne da mutum zai iya nunawa da sanda ba. Ta ce wasu ma'anarsu a fili take. En-gannim idon ruwan lambuna ne, Taffuwa sunan wani ɗan itace ne. Wasu kuwa, irin su Ashna da Enam, har yau masana ba su daidaita a kan inda suke ba. Akwai ma wata Zanowa ta biyu can kudu da ake ta gardama a kanta.

Na ce to ta yaya aka tabbatar wannan tudun ne, ba na kusa da shi ba? Ta ce manoma ne suka riƙe. Garin ya mutu, harsuna sun canza, sarakuna sun zo sun wuce, amma Larabawan da ke noma da kiwo a nan ba su daina kiran wurin Zanu ba, har matafiyan farko masu bincike suka ji a bakinsu suka rubuta. Sannan ta tona ƙasa da bakin sandarta ta miƙo mini tsingaro. Daga irin bakin tukunyar, in ji ta, ake gane zamanin da aka yi ta, wannan kuma ya dace da zamanin jerin.

Wannan ban buƙaci dogon bayani ba. Kufai ne. A wajenmu ma gonar da ta fi kowace ba da masara ita ce wadda ke kan kufai, garma na tono tsingaro da toka, kuma har gobe da sunan mutanen da suka tashi ake kiranta, ko da babu wanda ya san kabarinsu. Na zagaya wurin a hankali. Ga rijiyoyi an fafe su a cikin dutse, igiya ta ci bakinsu ta yi zurfi. Ga wani faffaɗan dutse da ta ce a kansa ake matse zaitun. Na sa yatsa a cikin sawun igiyar nan, na ji kamar matar da ta ja guga ta tafi kai ruwa gida ne za ta dawo. Malama ta ƙara da cewa bayan an kwashe mutanen ƙasar bauta sun dawo, 'yan wannan ƙaramin garin ne suka ɗauki wani dogon sashe na ganuwar Urushalima suka gina.

Na daure na yi tambayar da ta kawo ni. Ta zauna a kan dutse, ta ce, "Ba mu sani ba." Ban taɓa jin mai ilimi ya faɗi haka kai tsaye ba. Ta ce wasu na ganin fadama ce mai ruwa mai wari, wasu na ganin sunan ya girmi Ibranancin kansa, ma'anar ta tafi da masu ita. Na ce in aka matsa mata fa? Ta dube ni, don Baba Adamu ya ba ta labarina. Ta ce kalmar da ta fi kusa da shi a harshen ita ce ta yasarwa, ta ƙin abu. Mai wa'azin ya faɗi zato kamar tabbas, amma ba ƙirƙira ya yi ba.

Na yi niyyar in gaya wa Inna labarin ganuwa kawai, in haɗiye sauran. Na koma gefe na kira wayar Saratu ta bidiyo, ta miƙa wa Inna a tsakar gida. Kusa da ita a kan tabarma ga Gwaggo Tabawa, ƙanwar kakana Nomau, wadda ta zo barka. Ita har yau ba ta shiga coci ba, ba ta shiga masallaci ba, ta ce ta tsufa da sauya hanya.

"Maigidan, ka tafi ka bar ni da yunwa," in ji Gwaggo, don haka take tsokanata. "Wace ce waccan mai farin kai? Aure ka yi?"

Na juya wayar na nuna musu tudun, da rijiyoyin, da tsingaron a tafina. Na ba da labarin ganuwa, na ƙawata shi iyakar iyawata. Inna ta saurara har na gama.

"Auta, juyo da fuskarka. Abin da mutumin nan ya faɗa, haka ne?"

Na ce, "Inna, masana sun ce ba su tabbatar ba. Amma abin da ya fi kusa, shi ne."

Ta sauke kai. Gwaggo ta dube ta ta dube ni. "Wane mutum? Me ya faɗa? Ku kuna magana a dunƙule kamar masu sayar da akuyar sata."

Sai Inna ta faɗa, da ƙaramar murya, abin da ta ɓoye shekaru. Gwaggo ta sa hannu a kunne ta ce a maimaita. Da aka maimaita sai ta buga cinya, ta kece da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ayashe!" ta ce. "Ayashe ke nan! Kai, Nomau, Nomau!"

Inna ta ce, "Gwaggo, abin dariya ne?"

"Ke ba ki sani ba, an hana a gaya miki. Uwarki wabi ta yi ta yi kafin ke, tana haihuwa suna komawa. Da kika zo muka ce a yi yadda aka saba, a kai ki juji a ajiye kamar ba a so, wata ta tsinto ki, a sa miki Ayashe, don mutuwa ta ga abin yasarwa ne ta wuce. Ni aka ce in ɗauke ki, ina budurwa. Ubanki ya tare ƙofa ya ce ya bar wannan hanyar, Littafinsa ne zai raɗa miki suna. Muka kwana muna kuka, muka ce ya kashe ki. Ashe da ya rufe ido ya dangwala yatsa, sunan namu ya ɗauko da wani harshe!"

Ina tsaye a kan kufan mutanen da suka mutu tun kafin a san za a yi Malumfashi, iska na kaɗa ciyawa, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ko a coci ba. A shafin nan sunaye sun fi a ƙirga, yatsan manomin da bai san baƙi ba ya wuce su duka ya sauka a kan wannan.

Inna ta ce, "To yarinyar da ta rasu fa?"

"Ƙyanda ce," in ji Gwaggo, ta daina dariya. "Yara nawa ta kwasa a unguwar nan a shekarar? Su ma sunanki gare su? Sunan da ake sa wa ɗan da aka fi jin tsoron rasawa ne, 'yar nan. Duk cikin 'ya'yan uwarki ke kaɗai kika yi furfura."

Wayar ta karkace, na koma ganin sama da reshen darbejiyar gidanmu. Na ji takun Inna, na ji ƙarar labulen ɗakin Saratu. Malama Dina ta matso tana tambayata da ido ko lafiya, na kasa fassara mata. Da hoton ya dawo, Inna na zaune a bakin gado da jaririyar a cinyarta, tana buɗe zanen tana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan zanen.

Ba ta kalli wayar ba ta ce, "Auta, garin nan, ana noma a gefensa?"

Na ce ana yi, ga alkama can a kwari ta yi kore.

"To," ta ce. "Kada ka kira fasto. Ni zan je in gaya masa sunan da bakina."